Adanawa ba da izini ba: Google Docs, Word, WPS, Collabora ko Pages, wanne za ka bar wa takardunka a waya?

Ka buɗe tsohuwar takardar neman aiki a waya don ka canza sunan ma'aikata da kwanan wata, da niyyar in ka gama ka ajiye ta da sabon suna. Kafin ka kai ga hakan, manhajar ta riga ta ɗora sabon a kan tsohon. Ko kuma ɗalibi yana karanta babi na uku na kundinsa a cikin mota, babban yatsa ya goga allo, sakin layi guda ya tafi, ya rufe bai lura ba. Ba wanda ya tambaye shi ko yana son a adana. Sai bayan mako biyu, a gaban malamin da ke duba aikin, ake gane akwai giɓi.

Wanda ya saba da kwamfuta ya san tambayar nan da ke fitowa in za ka rufe fayil: a adana ko a bari? A waya yawancin manhajoji sun daina yin ta, kuma ba don mugunta ba. Android na kashe manhajar da ke bayan fage duk lokacin da RAM ya yi ƙaranci, ba tare da sanarwa ba. Ka bar rubutu ka shiga WhatsApp ka duba wani adadi, ka amsa kira, ka dawo, sai ka tarar manhajar ta fara daga farko. A wayar da ke da RAM na 2GB ko 3GB wannan abin yau da kullum ne. Ga caji da ke ƙarewa ba shiri. Masu ƙera manhaja sun san ba su da tabbacin za su samu damar yi maka tambayar, shi ya sa suke adanawa tun kana cikin rubutu. Rigimar ma ta girmi wayoyinmu: a 2011 Apple ya kawo adanawa ta atomatik a kwamfutocin Mac, ya cire umarnin Save As na ajiyewa da sabon suna, mutane suka yi ta ƙorafi har ya dawo da shi a 2012.

Saboda haka wanda ya fito neman manhajar da ba ta adanawa sam, ya kama hanyar da ba ta ɓullewa sosai. Tambayar da ta fi amfani ita ce: in ta adana abin da ban so ba, zan iya komawa baya? A kan wannan ne manhajojin nan biyar suka fi rabuwa.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Na farko, ko manhajar na ba ka damar fita ba tare da ta taɓa fayil ɗin ba, ko ta hanyar tambaya ko ta maɓallin kashewa. Na biyu, kuma shi ne mafi nauyi a wurina, ko tana riƙe tsofaffin nau'o'in takardar, nawa, kuma har zuwa yaushe. Na uku, abin da take yi wa asalin fayil ɗin da aka turo maka, musamman na docx, wato fayil ɗin Word. Wannan mutane ba su cika lura da shi ba: in manhajar da ba Word ba ta adana fayil ɗin Word, ba harafin da ka canza kaɗai take rubutawa ba, dukan fayil ɗin take sake ginawa da nata tsarin. Waƙafi ɗaya ka ƙara, amma lambar shafi, tebur da bayanan ƙasan shafi na iya gocewa. Sai kuma kuɗi, da aiki in babu data, da makomar takardar in waya ta ɓata ko an sace ta.

Akwai dabaru biyu da ake yawan ba wa juna waɗanda ba su da ƙarfin da ake zato. Ɗaya ita ce kibiyar nan ta janye gyara. Tana aiki muddin takardar na buɗe. Da zarar ka rufe, ko Android ya kashe manhajar, jerin abin da za ta iya janyewa ya tafi. Ɗayar ita ce kashe data kafin ka buɗe takarda. Kashe data ba ya hana adanawa. Manhajar za ta riƙe gyaran a cikin waya, ran da ka kunna intanet ta tura shi sama, ya hau kan asalin.

Google Docs

Nan babu maɓallin kashewa, ko a waya ko a kwamfuta. Duk abin da ka rubuta ko ka goge yana shiga cikin daƙiƙoƙi kaɗan. In abin da kake nema shi ne manhajar da za ta jira izininka, wuce gaba.

Amma Docs ta fi sauran kula da baya. Kowace takarda na da tarihin gyare-gyare, mai nuna wanda ya canza me da kuma lokacin, kuma kana iya mayar da takardar yadda take jiya ko watan jiya. Hanyar da ta fi tabbas ta ganin wannan tarihi a cike ita ce ta burauza a kwamfuta, ko a shagon buga takardu ne. Dole kana da izinin gyara takardar. Wanda aka ba izinin kallo kawai ba ya ganin tarihin. Abu ɗaya da ya kamata a sani: Google kan haɗe ƙananan gyare-gyare wuri guda bayan wani lokaci don rage cin wuri, don haka ba lallai ka samu ainihin mintin da kake nema ba. Maganinsa shi ne ka sa wa muhimmin nau'i suna, misali "kafin gyaran Malam". Ana iya sa wa har nau'i 40 suna a takarda ɗaya.

A waya, Docs na buɗe takarda a yanayin karatu, sai ka danna alamar fensir kafin allon rubutu ya fito. Wannan kaɗai na hana kuskuren yatsa da yawa. A ƙarƙashin ɗigo ukun nan na sama kuma akwai zaɓin ba da shawara maimakon gyara kai tsaye: duk abin da ka goge ba ya tafiya, sai dai a ja masa layi har sai an amince. Ga mai duba aikin wani, ban san wata kariya da ta kai wannan sauƙi ba. A wannan jerin dai akwai Make a copy, wanda shi ne madadin ajiyewa da sabon suna, sai dai a nan ana yin sa ne kafin a fara gyara, ba bayan an gama ba.

Inda ake yawan faɗawa rami shi ne fayil ɗin docx da ke cikin Drive, ma'ajiyar intanet ta Google. Docs na iya gyara shi kai tsaye ba tare da ta juya shi zuwa nata tsarin ba, kuma gyaran na hawa kan asalin fayil ɗin ne. Ƙa'idar Drive ga fayilolin da ba na Google ba ita ce tana riƙe tsohon nau'i na kwana 30, ko har sai sababbi sun kai 100, sai fa in ka zaɓi a riƙe shi har abada. Kwana 30 ba su da yawa ga ɗalibin da sai ƙarshen zango yake komawa kan babinsa.

Kuɗi: kyauta ce, da 15GB da kake rabawa tsakanin Gmail, Drive da Google Photos. In wurin ya cika, ba za ka iya ƙirƙirar sabuwar takarda ko gyara tsohuwa ba sai ka rage kaya ko ka sayi ƙari, kuma hotunan biki ne suka fi cika shi, ba takardu ba. Ƙarin 100GB dala 1.99 ne a wata a farashin Amurka. Na naira ko sefa sai ka duba a wayarka, don yana sauyawa. Tana aiki ba data in ka riga ka sa takardar ta sauka a waya. In waya ta ɓata, takardunka na nan, muddin ka riƙe kalmar sirrinka. Akwai kuma ƙa'idar da ta fara aiki a Disamba 2023, cewa Google na iya goge asusun da aka shekara biyu ba a shiga ba. Mai tsohon imel da ya zuba takardun makaranta a ciki ya manta, ya leƙa.

Microsoft Word

Word ita ma tana zuwa da adanawa ta atomatik a kunne, amma ta bar ƙofa: akwai maɓallin AutoSave a cikin jerin File, wanda a ƙaramar waya yake bayan ɗigo uku, wajen Save. In ka kashe shi, adanawa ta koma hannunka. Microsoft na yawan sauya fasalin manhajojinsa, kuma akwai Word mai zaman kanta, akwai kuma babbar manhajar da ta haɗa Word, Excel da PowerPoint, wadda aka canza wa suna zuwa Microsoft 365 Copilot a farkon 2025. Don haka kada ka ɗauka cewa don ka kashe maɓallin a takarda ɗaya, ya mutu a ko'ina. Ka duba shi duk lokacin da ka buɗe takardar da ba ka son a taɓa.

Komawa baya a Word ya danganta ne kacokan da inda fayil ɗin yake zaune. In yana OneDrive, ma'ajiyar intanet ta Microsoft, akwai tarihi: asusun mutum na kansa na riƙe nau'i 25 na ƙarshe, abin da aka goge kuma yana kwana 30 a kwandon shara. Asusun ma'aikata ko makaranta ya fi haka tsawo, kwandonsa kwana 93 ne, sauran kuma ya danganta da yadda mai kula da tsarin ya saita. In kuwa fayil ɗin a ƙwaƙwalwar waya yake, a cikin Downloads ko a memori, babu tarihi ko ɗaya. AutoSave a kunne, fayil a waya: wannan shi ne haɗin da ya fi kowanne haɗari a duk abin da na lissafa, kuma shi ne halin da mafi yawan mutane suke ciki ba su sani ba, tunda takardun sun zo ne ta WhatsApp ko ta Xender ba ta OneDrive ba.

Nau'i 25 ma kada ya ruɗe ka. Takardar da ake aiki a kanta kullum tana iya cinye su cikin ɗan lokaci, na farkon ya faɗo.

Akwai wani abu da ke ba mutane haushi amma alheri ne. Sau da yawa in ka buɗe fayil kai tsaye daga WhatsApp ko imel, Word kan buɗe shi don karatu kawai, ta ce sai ka ajiye kwafi kafin ka yi gyara. Kar ka yi tsaki. Abin da ya kamata ka yi da kanka ne ta tilasta maka.

Wajen riƙe tsarin docx babu wadda ta kama ƙafarta, tunda gidanta ne. Kundin digiri mai lambar shafi ta Romawa a gaba da ta Larabawa a ciki, mai jerin abubuwan da ke ciki da bayanan ƙasan shafi, ya fi zama lafiya a hannunta.

Kuɗi: a na'urar da allonta bai wuce inci 10.1 ba, gyara na yau da kullum kyauta ne in kana da asusun Microsoft. Duk waya ta shiga ciki. Manyan tablet ba su shiga ba, su sai da biyan kuɗin Microsoft 365. OneDrive na kyauta 5GB ne, kashi ɗaya cikin uku na abin da Google ke bayarwa, amma ga takardu zalla ya isa shekaru. Tsarin Microsoft 365 na mutum ɗaya mai 1TB dala 9.99 ne a wata a Amurka tun ƙarin kuɗin da aka yi a Janairu 2025. Manhajar na da nauyi, tana cin wuri, kuma a ƙaramar waya takan ɗauki lokaci kafin ta buɗe.

WPS Office

Wannan ce da yawa daga cikinmu suka fara sani, don wasu wayoyi da ita suke zuwa tun daga kamfani. Ta Kingsoft ce, kamfanin ƙasar Sin, kuma ba sabuwa ba ce: WPS na farko ya fito tun 1989.

Ita ce ta fi kusa da ɗabi'ar kwamfuta. Tana buɗe takarda a yanayin karatu, sai ka danna Edit kafin ka iya rubutu, kuma in fayil ɗin na cikin waya ne, lokacin fita takan tambaye ka ko a adana ko a bari. Kana iya ajiyewa da sabon suna bayan ka gama gyara. Ga mai shago da ke da samfurin rasit ko takardar yarjejeniya da yake cikewa sau goma a rana, wannan ɗabi'a ita ce daidai abin da yake so.

Sai dai a tuna dalilin da ya sa sauran suka bar wannan hanya. Ka yi awa guda kana rubutu ba ka danna adanawa ba, aka kira ka, wayar ta kashe manhajar. WPS na ƙoƙarin dawo da abin da ba a adana ba, amma ƙoƙari ne, ba alkawari ba. Wanda ya gudo nan don tsoron adanawa ta atomatik alhali wayarsa mai ƙaramin RAM ce, ya yi gudun gara ya tadda zago. Dole hannu ya saba da danna alamar adanawa bayan kowane sakin layi mai muhimmanci. Kuma in ka danna "a adana" bisa kuskure a fayil ɗin cikin waya, tsohon ya tafi kamar yadda zai tafi a Word.

Lissafin yana canzawa in ka shiga da asusu. A nan WPS za ta riƙa jan ka zuwa ma'ajiyarta ta intanet, inda takardu ke tafiya da kansu. Wannan na da amfani in waya ta ɓata, amma ka sani takardarka ta bar hannunka. A 2022 an yi ta ce-ce-ku-ce a ƙasar Sin bayan wata marubuciyar littattafai ta ce an kulle mata rubutun da ya haura kalma miliyan ɗaya da ke ma'ajiyar WPS. Kamfanin ya ce ba ya taɓa fayilolin da ke kan na'urar mutum. Lamarin ya shafi tsarin da ake amfani da shi a can ne, amma ya isa ya sa mai takardun sirri ya duba saitin ma'ajiyar kafin ya shiga da asusu.

Ta kyauta na zuwa da talla, kuma tallan na cin data da haƙuri. Wasu ayyukan PDF sai an biya. Tana riƙe tsarin docx da kyau fiye da yadda ake zato, ko da yake ba kamar Word ba. Ba ta buƙatar intanet ko asusu don aiki na yau da kullum.

Collabora Office

Ba ta shahara a wajenmu ba, amma masu gudun talla da manyan kamfanoni suna son ta. An gina ta a kan LibreOffice, manhajar ofis ta kyauta ta kwamfuta, kamfanin da ke yin ta yana Cambridge a Ingila, kyauta ce, babu talla, ba ta neman asusu, kuma tana buɗe odt (tsarin fayil da LibreOffice ke amfani da shi) da docx duka. Ita ma tana farawa a yanayin karatu, da fensir a ƙasan allo.

Wanda ya saba da LibreOffice a kwamfuta zai zo da zaton za a yi masa tambayar nan kafin rufewa. A nan yake shan mamaki. Ta waya ta gaji tsarinta ne daga Collabora Online, wadda aka ƙera don aiki a burauza, inda rufe takarda na nufin adana ta. Ka danna fensir, ka yi canji, ka danna kibiyar komawa, gyaran ya zauna. Tunda kuma fayil ɗin a waya yake, babu tarihin da za ka koma. Masu haɗa ta da ma'ajiya irin Nextcloud suna samun tsofaffin nau'o'i daga can, amma wannan aikin masu sabar kansu ne, wato kwamfutar ajiya tasu, ba na kowa ba.

Haɗa wannan da batun sake gina fayil da na ambata, sai ka ga me ya sa ba zan ba da shawarar a gyara asalin docx mai sarƙaƙiya da ita ba. A kan kwafi, ko a kan fayil ɗin odt, ba ta da laifi. Sirri kuwa, ta fi duka huɗun: takardarka ba ta zuwa ko'ina sai inda ka kai ta. Kishiyar hakan ita ce in waya ta faɗa ruwa, ta tafi da komai.

Pages

A waya da tablet, ta masu iPhone da iPad ce kawai. Tana adanawa da kanta, babu kashewa. In takardar na iCloud Drive, ma'ajiyar intanet ta Apple, kana iya ganin tsofaffin nau'o'i ka dawo da su daga wayar kanta. iCloud na kyauta 5GB ne, ƙarin 50GB kuma senti 99 a wata a Amurka. Tana da wata ɗabi'a mai kyau ga batunmu: in ka buɗe docx, takan juya shi zuwa sabon fayil nata, asalin ya zauna yadda yake. Matsalar ita ce komawa. Duk wanda za ka tura wa mai Android ne ko mai shagon buga takardu, sai ka sake fitar da shi a matsayin Word ko PDF, kuma a wannan juyi biyu tsari kan goce.

A taƙaice cikin tebur

| Manhaja | Za ka iya hana ta adanawa? | Komawa baya | Na kyauta | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Google Docs | A'a | Tarihi mai tsawo; docx a Drive kwana 30 ko nau'i 100 | 15GB, babu talla | Gyara na hawa kan asalin docx |
| Word | E, ta maɓallin AutoSave | Nau'i 25 a OneDrive. Babu a fayil na cikin waya | 5GB, allo har inci 10.1 | AutoSave a kunne kan fayil na cikin waya |
| WPS Office | E, tana tambaya a fayil na cikin waya | Ba abin dogaro a fayil na cikin waya | Akwai talla | Asarar aikin da ba a adana ba |
| Collabora Office | A'a, rufewa adanawa ce | Babu, sai da ma'ajiya ta daban | Duka kyauta | Ba tambaya, ba tarihi |
| Pages | A'a | Akwai a iCloud Drive | 5GB | Gocewar tsari wajen komawa docx |

Tunda sabuntawa ɗaya na iya canza ɗabi'ar kowacce, kada ka yarda da teburin nan fiye da wayarka. Gwajin ba ya cin minti uku. Ka ƙirƙiri fayil, ka rubuta "ɗaya", ka adana, ka rufe. Ka sake buɗewa, ka mayar da shi "biyu", ka fita da kibiyar komawa ba tare da ka danna komai ba. Ka buɗe ka ga wanne ya zauna. Sai ka maimaita, amma wannan karon ka share manhajar daga jerin waɗanda ke buɗe maimakon ka fita ta ƙofa. Na farko zai nuna maka ko tana adanawa ba izini, na biyu zai nuna maka abin da za ka rasa ran da wayar ta kashe ta. Ka yi shi sau biyu, ɗaya da fayil na cikin waya, ɗaya da na ma'ajiyar intanet, don sakamakon kan bambanta. Masu rubutu da Hausa su ƙara ƙ, ɗ da ɓ a cikin gwajin su buɗe fayil ɗin a wata na'ura. Ba kowane salon haruffa ke da su ba, wani lokaci sai ka ga sun fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma.

Wa ya dace da wacce

Ɗalibi mai rubuta kundi, ko duk mai dogon rubutu na watanni: Word, amma da sharaɗin fayil ɗin na OneDrive kuma AutoSave na kunne. Asarar awa uku na rubutu ta fi yawan faruwa a kan goge sakin layi bisa kuskure, kuma na biyun yana da magani a tarihi. Ƙarshen kowane babi ka ajiye kwafi mai kwanan wata a sunansa, saboda iyakar nau'i 25 ɗin nan. In wayar ba ta iya ɗaukar Word, ka rubuta a Docs, ka bar gyaran tsari na ƙarshe sai ka samu kwamfuta.

Ƙungiya, kwamiti ko malamai masu aiki a kan takarda ɗaya: Google Docs. Sakatare ya riƙe izinin gyara, sauran a ba su na yin sharhi ko na kallo. Yawancin ɓarnar da ake ɗora wa adanawa ta atomatik a irin wannan aiki, daga ba wa mutum goma sha biyar izinin gyara take fitowa.

Mai samfuri da yake cikewa kullum, kamar rasit, takardar haya ko wasiƙar ofis: WPS ba tare da shiga asusu ba, ko Word da AutoSave a kashe. Duk da haka ka ware asalin samfurin a wani babban fayil da ba ka buɗewa daga ciki, ka tura wa kanka kwafi ta imel. Wata rana za ka danna "a adana" cikin sauri, abokin ciniki na tsaye a kanka.

Mai takardun da bai kamata su hau intanet ba, irin na lauya, na asibiti ko na rabon gado: Collabora, kuma kullum a kan kwafi. Ka yi kwafin a manhajar fayiloli ta waya kafin ma ka buɗe, ka riƙa juye aikin a filashi ko kwamfuta.

Mai iPhone da ke rubuta abin kansa, Pages ta ishe shi. In aikinsa na yawo tsakanin mutane a docx, ya sauke Word.

Wanda kuwa karatu kawai yake yi, ana turo masa sanarwa, jadawali ko takardar taro, bai kamata ya buɗe su da manhajar gyara ba tun farko. Ya roƙi mai turowa ya aiko da PDF, in kuma docx ɗin ne ya zo, ya karanta shi a yanayin karatu ya bar fensirin nan a inda yake.